Rawani da Mayafi: Sutura da Shugabanci a Kaduna

Tun kafin zuwan Turawa, da sutura ake fara gane mai mulki a ƙasar Hausa. Sarki da hakimi da alƙali suna da rawani da alkyabba da babbar riga mai aska takwas. Mata ma suna da tasu alamar. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo takan ɗora wa kowace jaji, shugabar 'Yan Taru, ƙungiyarta ta ilmantar da mata, malfa da jan ƙyalle, irin wadda Innar Gobir ke sawa a da, don duk garin da ta shiga a san malama ce ta iso, a ba ta girmanta.

Da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, aikin ofis ya zo da kwat da wando irin na Turawa. Amma Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiya a 1954, shi da ministocinsa suka riƙa shiga majalisa da rawani da manyan riguna, sai ma'aikata suka bi sahu. Har yau babban ma'aikaci kan fito daga gidansa a Unguwar Rimi cikin shadda mai sitaci da hula zanna, tun daga bakin ƙofar ofis masinja ya miƙe yana "ranka ya daɗe", ko da bai san muƙaminsa ba.

Mace ba ta gaji irin wannan gata ba, domin ba da ita aka kafa ofishin ba. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan fafutuka, ana yi mata kallon marar kamun kai. A 1990 gwamnatin soja ta naɗa Pamela Sadauki mataimakiyar gwamnan Kaduna, amma sai a 2019 aka sami zaɓaɓɓiya, Dakta Hadiza Balarabe.

Bambancin da ya rage mai ciwo ne. Rigar namiji tana ƙara masa kwarjini, ta mace kuwa bincikenta ake yi: girman mayafinta, kwalliyarta, ɗaga muryarta a taro. Darakta mace takan tarar an riga an tambayi ko matar wane ce kafin a tambayi abin da ta karanta, tambayar da ba kasafai ake yi wa takwaranta namiji ba.