Cututtukan kifin kiwo: yadda ake gane su da yadda ake magance su

A jihar Tawa an daɗe da sanin kifi ta wajen manyan tabkuna kamar na Tabalak da Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren Ramsar a 2005. Yanzu kuma akwai masu kiwon tarwaɗa da karfasa cikin kwarmin siminti ko tankin roba, wasu ma suna ajiye ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi don ado. Ko a Badagishiri mutum yake, ko Malbaza, ko Konni, ƙa'idar ɗaya ce: yawancin ciwon kifi daga ruwa yake farawa, don haka ruwan ake fara dubawa kafin a sayi magani.

Alamun farko

Lafiyayyen kifi yana rububin abinci. Idan ya daina ci, ko ya ware gefe guda, ko yana goga jikinsa da bango, to akwai matsala. Idan kifaye da yawa suka taru a saman ruwa da asuba suna buɗe baki, iskar oksijin ce ta yi ƙaranci. Karfasa ta fi nuna wannan, domin tarwaɗa tana iya shaƙar iskar waje, shi ya sa take jure gurɓataccen ruwa har mai ita ya zaci lafiya lau. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, gubar da ke lalata jan naman nan na gefen kai wanda kifi ke numfashi da shi. Matakin farko shi ne a dakatar da abinci kwana ɗaya, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan.

Cututtukan da aka fi gani

Farin ɗigo: jikin kifi da fikafikansa su yi kamar an barbaɗa masu gishiri. Wata ƙaramar halitta ce mai suna Ichthyophthirius ke kawo shi. Muddin tana ƙarƙashin fata, magani ba ya kai gare ta. Sai ta faɗo ƙasan ruwa ta rabu ɗaruruwa, ƴaƴan su fito neman wani kifi, a lokacin ne ake iya kashe su. Shi ya sa ake ci gaba da magani mako ɗaya zuwa biyu ko da ɗigon ya ɓace.

Fumfuna: wani abu fari kamar auduga a kan rauni. Ya fi yawa da ɗari, a Disamba da Janairu, musamman bayan an kama kifi da gaggawa an ji masa ciwo. Karfasa ta fi son ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 30. Idan ya yi sanyi sosai takan rage ci, jikinta ya yi rauni.

Gyambo da kumburin ciki: jajayen miki, cin fiffike, gashin bakin tarwaɗa ya gutsure, ciki ya cika da ruwa. Aikin ƙwayoyin bakteriya ne irin su Aeromonas, waɗanda cunkoso da dattin ruwa ke ba dama.

Tsagewar kai: ana ganinta ga tarwaɗa, kuma ana danganta ta da ƙarancin bitamin C a abinci da rashin kyan ruwa. Gyaran abinci take so, ba allura ba.

Akwai kuma cutar bairos ta karfasa, TiLV, wadda aka bayyana a Isra'ila a 2014, hukumar FAO ta yi gargaɗi a kanta a 2017. Ba ta da magani. Idan karfasa na mutuwa da yawa cikin ƴan kwanaki, a sanar da ma'aikatan gandun daji masu kula da harkar kifi ko likitan dabbobi.

Magani

Gishiri shi ne na farko ga farin ɗigo da fumfuna: giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato kilo 2 zuwa 3 a lita 1000. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba sannu a hankali. Ana kuma amfani da farmanganat, giram 2 a lita 1000, amma a auna da sikeli, don in ya yi yawa kisa yake.

Maganin bakteriya kamar oksitetirasikilin sai da umarnin likitan dabbobi, kuma a abinci ake haɗa shi. Bayan an gama, a jira aƙalla kwana 21 kafin a sayar ko a ci. Koren maganin nan malachite, da ake sayarwa don kifin ado, ƙasashe da yawa sun hana sa shi ga kifin ci.

Rigakafi

Sababbin ƴaƴan kifi, ko daga Yamai suka zo ko daga Sakkwato, a ware su mako biyu kafin a haɗa su da na gida. Kowane kwarmi da komarsa da bokitinsa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana kafin a zuba. Mataccen kifi a cire shi nan take a binne, kada a jefa shi tabki ko a ba sauran kifaye. Bayan an kwashe kifi, a wanke kwarmin a bar rana ta busar da shi kafin a sake zubi.