Juji da Taki a Bakin Manoman Ƙasar Kano: Tarihin Wata Irin Ba'a

Shanono tana arewa maso yamma da birnin Kano, maƙwabciyar Gwarzo da Bagwai, cikin ƙasar da gona ke haɗe da gona, ba fili mai yawa da za a bari ya huta. Manomi a irin wannan wuri ba shi da abin dogaro sai taki. Duk abin da aka share daga gida, toka da kashin awaki da ɓuntun gero, a juji ake tara shi, in rani ya yi a kwashe a mangala a kai gona. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga bincikensu a kan ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda jakai kan shiga birni da itace su komo da taki. Watau abin da ake toshe wa hanci a gida shi ne dukiya a gona. Daga wannan fuska biyu ba'ar juji take samun gishirinta.

Harshen kansa ya taimaka. Hausa tana rarrabe kalmomi da karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya. Kashi na bayan gida wasalinsa na fari dogo ne. Kashi na rabo kuwa gajere ne, muryar kuma ta sauka a ƙarshe. Mai rabon gado in ya ja wasalin da gangan ya ce, "Ga kashinka," ya zagi mutum, amma yana da mafita, don sai ya ce kunnen mai ji ne ya karkace. Haka kuma jika zai nuna wa kakarsa gona ya ce, "Wannan gonar taki ce," ya bar ta ta zaɓi ko kyauta ya yi mata ko tsiya. Shadda ma haka take: ga ta tufar salla, ga ta ramin makewayi.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya sa wa kalmomi alamun karin sauti, amma rubutun yau da kullum bai ɗauke su ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun kafu ne a shekarun 1930 a hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Duk keken rubutun da ba shi da ƙ, sai ya mai da ƙashin miya abin da ba a sa wa a miya.

Amma fa wannan wasa yana da ƙa'ida. Kunya ta hana ambaton abin da sunansa, shi ya sa ake cewa bayan gida, ko kewayawa, ko kama ruwa. Dariya tana zuwa ne sa'ad da wani ya ɗaga labulen nan kaɗan, kuma ba kowa ke da izinin ɗagawa ba. Jika da kaka suna da shi, haka taubasai, haka Fulani da Barebari, haka 'yan kama da 'yan gambara a bakin kasuwa. Wanda ya gwada shi a gaban surukinsa kuwa ya ja wa kansa magana.

Har wa yau akwai inda juji ya wuce wasa. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna jarirai, wadda ake ce tana wabi, akan ɗauki abin da ta haifa a ajiye a kan juji kamar an yar, sa'an nan a ɗauko a yi masa laƙabi da Ajuji ko Ayashe. Ana rena yaron da baki ne don a tsare ransa, gama abin da aka jefar ba a kulawa da shi. Karin maganar nan, babba juji ne, ita ma a kan wannan take: an kamanta dattijo da wurin zuba shara, kuma yabo ne, domin yana ɗaukar na kowa ya haƙura.

Zuwan takin zamani da leda ya sake wa juji hali. Leda ba ta ruɓewa, tana ɓata taki, tana kashe akuyar da ta haɗiye ta. Duk da haka bakin Bahaushe bai daina ba: masu tsintar ƙarfe da roba a bola sun sami suna 'yan jari-bola, an haɗa jarin ɗan kasuwa da bolar unguwa cikin kalma guda.