Yadda Manoman Maraɗi Suka Karɓo Itatuwansu

Mutumin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya shiga ƙasar Maraɗi, idan ya duba dama da hagu zai ga gonakin gero cike da itatuwa: gawo, da kalgo, da sabara, da aduwa, da magarya. Yana iya zaton haka ƙasar take tun fil azal. To, a farkon shekarun 1980 yawancin gonakin nan fili ne fetal. Iska takan binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina guda. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, me ya sa mutanen da suka san amfanin itace suka bar shi ya ƙare, me kuma ya komo da shi?

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin gawo ba ne. Sun sani yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun na ƙarni na 19, wanda ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Da Faransawa suka kafa mulki, sai suka fitar da dokar daji ta 1935 domin dukan yankunansu na Afirka ta Yamma. Dokar ta mai da dazuzzuka mallakar hukuma, ta kuma ware waɗansu irin itatuwa ta ce ba mai taɓa su sai da izini. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ba a rushe wannan tsari ba. Dokar daji ta 1974 ma ta bi sawunsa. Nufin masu dokar shi ne a kare itace, amma ga yadda ta kasance a ƙauye: manomi ya bar gawo ya girma a gonarsa, ran da ya datse reshe domin shinge ko abincin akuya, sai ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Maƙwabci ya sare masa itace da dare, ba shi da inda zai kai ƙara, gama a idon doka itacen ba nasa ba ne. An rubuta dokar da Faransanci, ba a tambayi kowa ba kafin a yi ta. Mai hankali sai ya ga gara ya share tsiron tun yana ƙarami, kafin ya jawo masa fitina. Malaman gona kuma suna koya masa cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas.

Ba a ce ba a yi magana da talakawa ba. Tun 1962 Nijar tana da kulob-kulob na sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye sukan taru su ji shiri, a ɗauki ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. Dabara ce mai kyau. Sai dai a kan zancen mallakar itace, hukuma ce ke faɗa, manomi yana ji.

Fari ya zo daga 1968 zuwa 1974, ya sake dawowa a 1984. Yunwar wannan shekara ita ce mutanen Maraɗi da Damagaram suke kira El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da Nijeriya ta rufe kan iyakarta. An kashe kuɗi masu yawa wajen dasa turare da dogon yaro, amma mafi yawan dashen sun mutu, waɗansu ƙishirwa ta kashe su, waɗansu awaki suka cinye. Wa zai yi wa itacen gwamnati ban ruwa?

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, ya lura da wani abu da kowa yake gani kullum. Ƙananan kurmin da ake sharewa kowace bazara tsiro ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu kuwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi tsiro mafi ƙarfi aka bar shi, aka datse sauran, zai girma da sauri fiye da kowane dashe, ba sai an saye shi ba, ba sai an shayar da shi ba. Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada, aka yi ta yi musu dariya. A lokacin yunwar 1984 mishan ta haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Da abincin ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Mutum ya yi aikin domin hatsi ne, itacen kuwa har yanzu na hukuma ne.

Abin da ya juya al'amarin shi ne, ma'aikatan gandun daji na Maraɗi sun yarda su sassauta cin tara a kan wanda ya raini itace a gonarsa. Waɗanda ba su sare nasu ba suka fara samun makamashi, da azara, da abin sayarwa a kasuwa. Labari ya bi bakin mutane, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga gonar wannan zuwa ta wancan. Suka raɗa wa aikin suna da harshensu, sassaben zamani. Bayan rasuwar Shugaba Seyni Kountché a 1987, da Babban Taron Ƙasa na 1991, baki ya ƙara buɗewa. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin gargajiya a kan gona, dokar daji ta 2004 ta ƙara ba jama'ar ƙauye hannu cikin kula da daji. A shekarun 1990 ne kuma aka fara buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, daga baya na karkara, inda manomi yake jin muryar ɗan'uwansa da Hausa.

Ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye ya zama abin misali. Mutanensa suka kafa kwamiti na tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka tsara ƙa'idodi da tara da kansu. Sa makiyayi a ciki hikima ce, gama dokar da aka yi a bayan idonsa ba za ta hana shi datse reshe wa shanunsa ba. Ba kowane ƙauye ne ya yi haka ba, kuma har yanzu akan yi rikici a kan burtali da rassan gawo.

A shekarun 2000 masu bincike, cikinsu akwai Gray Tappan da Chris Reij, suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi. Suka kimanta cewa an raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Hayaƙin masana'antun da ke ɗumama duniya ba daga Agye yake fitowa ba, amma manomin Agye yana cikin masu shan zafinsa, shi ne kuma ya yi wannan aiki da gatari da lauje. Duk da haka manyan tarurruka a kan yanayi da Turanci da Faransanci ake yinsu, a birane masu nisa, ba kasafai ake kiransa ba.

A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. A watan Yuli na 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa, shekara 85 bayan dokar Faransawa.