Ƙusar da ta karye a cikin inji: tarihin tsohuwar Fijo da kanikawan Dutse

A garejin gyaran mota akwai wata 'yar ƙara da kowane bakanike ya sani, kuma ba ya fatan jin ta. Ƙara ce gajeriya, kamar an karya busasshen kara. Idan ta fito, sifana takan yi sakwaf a hannu, noti ya faɗo da rabin ƙusa a cikinsa, ɗaya rabin kuma ya zauna daram a cikin kan inji. Daga nan aikin rabin sa'a ya koma na yini biyu, direban da ya yi niyyar lodin yamma zuwa Kano kuma ya fara tunanin abin da zai kai gida.

Ƙusar da ake magana a kanta ita ce wadda kanikawa ke kira sitod: sandar ƙarfe marar kai, mai zare a ɓangarorinta biyu. Ɓangare ɗaya yana nutsewa cikin jikin inji, ɗayan kuma noti ke hawansa ya matse abin da ake son haɗawa, kamar bakin bututun da ke fitar da hayaƙi zuwa salansa. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Amma dalilin da ya sa cire ta ya zama gwaninta mai daraja a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu yana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga nesa.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, kowace masana'anta a Ingila tana yanka zaren ƙusoshinta yadda ta ga dama, notin wannan ba ya hawa ƙusar wancan. A 1841 injiniya Joseph Whitworth ya gabatar da ma'auni ɗaya, wanda ya bazu a ƙasar da yankunan da ta mallaka. Faransa da Jamus kuwa suka bi ma'aunin milimita. Saboda haka tsofaffin Bedford da Land Rover da suka fara ratsa hanyoyin Arewa sun zo da zaren inci, motocin da suka biyo baya kuma da na milimita. A akwatin bakanike duk notocin sukan cakuɗe. Wanda ya tilasta notin inci a kan ƙusar milimita ya cinye zarenta, ya kuma haƙa wa mai gyara na gaba rami.

Motar da ta fi kowace shiga rayuwar Arewa ita ce Fijo 504. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sannan a 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a lokacin, sai aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo, da manufarta ta rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar manyan jami'ai. Daga ofis ta gangaro tasha, mai dogon baya ta zama motar haya, a-kori-kura kuma ta zama jakar ɗaukar buhunan gero da gyaɗa.

Sai tattalin arziki ya juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga motocin gwanjo na Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, da yawansu ta tashar Kwatano. Wasu sun yi shekaru a kan titunan da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara, don haka suka iso da tsatsarsu. Wanda yake da tsohuwar Fijo kuwa ya riƙe abarsa gam.

Cikin wannan hali aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ba Dutse hedikwata. Garin da a da hedikwatar ƙaramar hukuma ne a Jihar Kano ya wayi gari da ma'aikatu da dubban ma'aikata, amma babu isassun gidaje. Da yawa suka bar iyalinsu a Kano suna zirga-zirga a hanyar Wudil. Motocin da suka ɗauki wannan nauyi ba sababbi ba ne, kuma babbar kasuwar kayan gyara tana Ƙofar Ruwa, a Kano. Bakanike a Dutse ya fahimci cewa abin da ya lalace a hannunsa ba a samun madadinsa a bayan gareji. Dole ya koyi ceto.

Me ke sa ƙusar kafewa? Injin fetur na 504 gangar jikinsa ƙarfen zubi ne, kansa kuma alminiyam. Inda ƙusar ƙarfe ta daɗe a cikin alminiyam, danshi yakan sa su ci juna, wani farin gari ya cika tsakanin zaren ya riƙe ta. Ƙusoshin bakin hayaƙi kuwa kullum suna tsakanin zafi da sanyi: su buɗe da rana a hanya, su tsuke da dare, shekara da shekaru, har ƙarfen ya gaji. Wanda ya zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi, shi ke ƙarasa ta.

Hanyoyin cirewa suna da tsari, daga mai sauƙi zuwa mai haɗari. Da farko a jiƙa wurin da kananzir ko man birki, a ɗan bubbuga da guduma, a bar shi ya kwana. Idan akwai sauran zare a waje, sai a ɗaura noti biyu a matse su da juna, a juya na ƙasan, ana yi gaba ana yi baya. Idan ta ƙi, sai wuta. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka ɗumama kewayen ramin yakan sassauta riƙon. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar maƙera, inda aka daɗe da sanin cewa da zafi ake bugun ƙarfe.

Idan ta karye daidai da fuskar inji, sai a kira mai walda. Yakan aza noti a kan guntun, ya cika cikinsa da walda har su zama abu ɗaya. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, zafinta kuma yana farfasa tsatsar. Da ya huce, sifana ta samu abin kamawa. Hanya ta ƙarshe ita ce huda: a buga alama a tsakiyar guntun, a fara da ƙaramar allurar huji, a riƙa ƙara girma har sai ɓawon zare kawai ya rage. A nan ne hannu ke nuna shekarunsa. In hujin ya karkace kaɗan, allura za ta bar ƙarfe mai tauri ta faɗa alminiyam mai laushi, wataƙila har ta ɓula hanyar ruwan inji. Kan inji ya tashi aiki ke nan, saboda ƙusar da kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Shi ya sa tsofaffin iyayen gida ba sa barin yaro ya taɓa wannan aiki sai ya shekara yana kallo. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Zamanin 504 ya ja baya. A 2003 gwamnatin tarayya ta fara biyan ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis, a 2006 kuma aka daina harhaɗa motar a Kaduna, shekaru da dama bayan Faransa ta bar ta. Tashoshin Jigawa suka koma hannun Golf da Sharan da Toyota. Sai dai su ma gwanjo ne, kawunan injinansu alminiyam ne, ƙusoshinsu ƙarfe. Yaran gareji na yau suna koyon na'urar da ke karanta cutar mota ta kwamfuta, kuma hakan ya dace. Amma na'urar ba ta cire guntun ƙusa. Ranar da aka ji waccan gajeriyar ƙara, har yanzu dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo ake aika yaro ya kira.