Bakin Ruwan Rusairis: Abin da Ya Gani Kafin Mu

'Yan uwa, tunda bana ma Allah ya nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu waiwayi gaɓar da da yawa daga cikinmu ke ɗaukar kaya a kanta, wato bakin ruwan Rusairis, a kan Shuɗin Nilu.

Zinariya ce ta fara jawo idon manya zuwa wannan yanki. Bayan rundunar Muhammadu Ali Basha ta ci Sinnar a 1821, ɗansa Isma'il ya zarce kudu zuwa duwatsun Fazugli neman zinariya da bayi. Shi Bashan ma ya tako da kansa tsakanin 1838 da 1839, amma abin da aka samu bai kai yadda aka zuzuta ba. Duk mai hawa kogi zuwa can kuwa sai ya tsaya a Rusairis, domin daga nan duwatsu ke tare ruwa. Shi ya sa a zamanin Turawan Ingila nan ne iyakar jiragen ruwa masu hayaƙi, su ma sai ruwa ya cika.

Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna kusa da Sinnar, daga baya ƙauyukan Hausawa da Fulani suka yi ta bazuwa a gaɓar kogi har kudu. Ba su zo da kuɗi ba, sai fartanya da koma. Da ruwa ya janye su shuka masara da albasa a danshin da ya bari, abin da ake kira juruf.

A 1966 aka gama madatsar Rusairis, kogi ya zama tafki, Damazin ta girma a ɗaya ƙetaren. Wurin da jirgi ke tsayawa ya koma hannun masunta, busasshen kifi, wato kajik, ya shiga jerin kayanmu tare da riɗi da ƙaro. A 2013 aka ƙara wa madatsar tsawon mita 10. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa 12 masu lamba. An ba mutane ɗaki, amma danshin juruf ba a ɗauke shi a mota.

A shekarun nan ne kuma zinariyar da ta ba Basha kunya ta sake tashi a wajajen Gisan da Kurmuk, kan iyakar Habasha. Matasan da ke jan koma suka tafi rami, mu kuma muka bi su da gari da sukari da man inji.

Sai rikicin 2022, wanda tushensa maganar ƙasa ce da sarauta. An kashe ɗaruruwa a Rusairis da Wad al-Mahi da kewaye, iyalanmu da dama suka gudu, kwale-kwale suka yi watanni a ɗaure. Sannan yaƙi ya toshe hanyar Sinja daga Yuni zuwa Nuwamba 2024, kaya suka yi tsada a Damazin.

Yanzu babbar madatsar Habasha ce ke riƙe da ruwan daga sama. Laka ta ragu, cika da janyewar kogi sun sauya, kuma da su masunta da manoman juruf, waɗanda muke sayen kayansu, suke lissafin shekararsu.