Tiyatar Ross

Tiyatar Ross aikin zuciya ne da ake yi don maye gurbin bawul ɗin aorta da ya lalace, galibi ga yara da matasa. Wannan bawul shi ne ƙofar da ke tsakanin zuciya da babbar jijiyar da ke rarraba jini ga jiki. Yakan buɗe jini ya fita, sannan ya rufe don kada ya koma baya. Idan ya tsuke ko yana yoyo, zuciya kan jigata har ta gaza. Wasu ana haihuwarsu da matsalar, wasu kuma zazzaɓin rumatik ne ke jawo musu ita.

Tarihi

Sunan ya samo asali ne daga Donald Ross, likitan tiyata haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki a Landan. Shi ya fara yi wa ɗan'adam wannan aiki a shekarar 1967.

Yadda ake yin ta

Ana haɗa majinyaci da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Likita zai cire bawul ɗin da ya lalace, ya yanko bawul ɗin jijiyar huhu na majinyacin kansa ya dasa a gurbinsa. A wurin da aka yanko kuma sai a saka bawul na wani mamaci da ya bayar da gudummawa, domin jini ba ya bi ta nan da ƙarfi sosai.

Amfaninta ga matasa

Bawul na ƙarfe yana daɗewa, amma dole mai shi ya sha maganin hana daskarewar jini irin su warfarin har ƙarshen rayuwarsa. Maganin na iya jawo zubar jini, yana kuma cutar da ɗan tayi. Bawul na naman alade ko saniya kuwa yakan lalace da wuri a jikin matashi. Bawul ɗin da aka dasa ta hanyar Ross naman jikin mutum ne mai rai, yana girma tare da yaro, kuma ba ya buƙatar wannan magani.

Matsaloli

Aikin yana da wuya, sai ƙwararru. Yana kuma taɓa bawul biyu alhali ɗaya ne ke da ciwo. Bayan shekaru, wanda aka dasa na iya faɗaɗa ya fara yoyo, na mamacin kuma ya tsuke, har a sake tiyata. Ba a yi wa masu ciwon Marfan.