Na'urar Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama

Na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, wadda matuƙa ke kira simuleta, ɗakin tuƙi ne da aka ƙera a ƙasa tamkar na jirgin gaske, domin a koyi tuƙi ba tare da an tashi sama ba. Edwin Link, mutumin Binghamton a Amurka, shi ya fito da ta farko da ta samu karɓuwa, a 1929. Sojojin Amurka sun sayi guda 6 a 1934, bayan matuƙansu masu jigilar wasiƙu sun yi ta faɗowa cikin hazo da duhun dare.

Mafi inganci a yau ita ce ta mataki D. Tana tsaye a kan ƙafafu shida masu miƙewa da janyewa. Da zarar matuƙi ya ba injuna wuta, sai ɗakin ya ɗan kishingiɗa baya, nauyin jikinsa ya manna shi da kujera, ya ji kamar jirgi na sheƙa gudu a titin tashi. Malami kuwa yana zaune a baya da allonsa: ya kashe inji ɗaya, ya kunna ƙararrawar gobara, ko ya turo iska mai ƙarfi ana dab da sauka. Babu mai hankalin da zai gwada irin waɗannan a sama, a nan ne na'urar ta fi jirgi amfani nesa ba kusa ba. Shi ya sa dokokin Turai da Amurka suka yarda ƙwararren matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinta kacokan.

Ga sabon ɗalibi abin ya bambanta. A tsarin Turai, lasisin farko yana buƙatar awa 45, kuma awa 5 kawai ake ƙirgawa daga na'ura. Ba ta iya ɗora wa jiki nauyin da doguwar juyawa a sama ke jawowa, ba ta kuma haifar da fargabar wanda ya tashi shi kaɗai, ya san babu maɓallin dakatarwa. Bayan faɗuwar jirgin Air France a Tekun Atlantika a 2009, inda mutum 228 suka rasu, an ƙarfafa horon ceto jirgi idan ya kuɓuce, kuma a Turai ana yin wani sashensa a ƙaramin jirgi na gaske. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana haɗa horo a na'ura da tashi na zahiri.